Fenti Ba Ya Yanka Ƙarfe

Shekara talatin da biyar Malam Haruna ya yi yana riƙe da biro a ofishin kuɗi, amma zuciyarsa ba ta taɓa barin ɗakin ƙere-ƙere na makarantar da ya yi yana yaro ba. A can ya fara ganin injin da ma'aikata ke kira milin. Kada sunan ya ruɗe ka, ba ya niƙa, ba ya markaɗe. Ƙarfe yake sassaƙa. A ɗaure guntun ƙarfe a kan tebur, wuƙa mai haƙora tana juyawa daga sama, kai kuma kana murɗa hannaye uku: ɗaya ya kai teburin dama da hagu, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa, har ƙarfen ya fito da siffar da ke cikin kanka. Sau biyu kacal aka bar shi ya taɓa injin kafin rayuwa ta karkata da shi wajen lissafin albashi.

Da ya yi ritaya aka biya shi giratuti, sai ya gina ɗan ɗaki a bayan gidansa a Unguwar Mu'azu, ya zuba masa daɓen kankare mai kauri, ya kafa benci, ya rataye zarto da magagarai. Tsakiyar ɗakin ya bar ta fili.

"Malam," in ji uwargidansa Hajiya Rabi, "sa'anninka suna sayen fili da shanu, kai kuma ƙarfe za ka ajiye mana?"

"Ba don ciniki ba ne, Hajiya. So nake in ƙera abu da hannuna kafin in mutu."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake, ba ta ƙara ba. Ni ma ina bayansa a nan. Na ga mutane da yawa da ritaya ta tsofar cikin shekara biyu, don ba su da abin da ke tashinsu da safe sai rediyo. Wanda ya samu abin da hannunsa ke marmari, a bar shi.

Sabon inji da dala ake kawo shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan fansho, saboda haka sai na hannu. A Kaduna kuwa ba a rasa su. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta, kowace masaƙa tana da ɗakin gyara inda fitoci ke ƙera giya da sanduna da duk abin da ya karye. Da masaƙun suka rinƙa rufewa, ta farkon ta tsaya a 2002, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007, sai injinan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wasu 'yan gwangwan suka farfasa su a kilo, wasu suka faɗa hannun dillalai.

A harabar wani irin wannan dillali, wanda kowa ke kira Alhaji, Malam Haruna ya ga abin da ya daɗe yana mafarki. Inji ne dogo, ya fi mutum tsawo, ya sha fenti ruwan toka yana sheƙi, an goge hannayensa har suna ɗaukar ido. A gefensa ga suna an zuba shi cikin ƙarfen: Bridgeport. Duk wanda ya taɓa shaƙar ƙamshin wannan sana'a ya san sunan. A 1938 aka fara ƙera irinsa a garin Bridgeport na Amurka, kuma siffarsa ta karɓu har masana'antu a ƙasashe da dama suka kwaikwaye ta. Wannan ma yana da ɗan allo da ke nuna cewa kamfanin Adcock & Shipley ne ya ƙera shi a Lesta ta Ingila da izinin masu shi. Aka kunna janareto, injin ya juya. Malam Haruna bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa.

"Akwai wani ɗan Kano da zai zo gobe," in ji Alhaji.

Nan take Malam ya ba da naira dubu 200 kafin alƙalami, a kan miliyan ɗaya da rabi.

Da dare, yana kwance, sai tambayoyi suka fara zuwa. Wutar gidansa layi ɗaya ce, injin kuwa ya ga wayoyi uku sun shiga cikinsa. Ƙofar ɗakin za ta ci shi? Da gari ya waye ya nufi Panteka wajen wani mai walda da ya yi masa ƙyaure, ya ba shi labari. Mai waldan ya ajiye tabaraunsa.

"Malam, ka biya duka?"

"A'a."

"To alhamdu lillahi. Je ka nemi Baba Isuhu."

Baba Isuhu yana wata 'yar rumfa yana gyaran kekunan ɗinki da kwaɗuna. Tsoho ne siriri, babban yatsansa na hagu ya rasa farce. Shekara ashirin da takwas ya yi fita a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, aka rufe ta ya fito da hannu biyu, haƙƙinsa har yau ana cewa a ƙara haƙuri. Ya saurari Malam har ƙarshe, ya ce ladan dubawa naira dubu biyar ne, ko an saya ko ba a saya ba. Sai ya shiga ciki ya fito da ɗan akwatin katako naɗe a tsumma, da kwalbar kananzir.

Da suka isa, Malam ya nuna sunan da ke jikin injin yana murmushi. Baba ko kallon wurin bai yi ba. Ya tsuguna, ya jiƙa tsumma da kananzir, ya goge hanyoyin da teburin ke zamewa a kai.

"Malam, sunkuyo ka gani. Nan bakin, ka ga wani zane kamar ɓawon kifi?"

"Na gani."

"Da hannu aka kankare shi a masana'anta, don mai ya samu wurin kwanciya. Bi shi da ido zuwa tsakiya."

Zanen ya yi ta dusashewa har ya ɓace. Tsakiyar ta yi sumul kamar madubi, ga wasu dogayen layuka sun ratsa ta.

"Amma Baba, ai nan ya fi kyau."

"Nan ya fi cinyewa. Kusan duk aiki a tsakiyar tebur ake ɗaure shi, saboda haka nan ƙarfe ke goga ƙarfe, shekara da shekaru. Hanyar ta zama kwari. In ka sassaƙa doguwar sanda a kan wannan, wuƙar za ta bi kwarin, ta ba ka abu mai doro."

Ya ɗan matse makullin teburin, ya ce Malam ya murɗa daga wannan baki zuwa wancan. A tsakiya hannun yana juyawa kamar ba a matse komai ba. Da ya doshi baki sai ya yi tauri, har Malam ya sa hannu biyu, daga baya ya cije ya ƙi motsi.

"Ka ji da hannunka. In na ɗaure shi ya yi daidai a tsakiya, ba zai kai baki ba. In na sassauta ya kai baki, a tsakiya zai yi rawa."

Sai ya koma kan zoben awon da ke jikin hannun. Ya bayyana cewa juyi ɗaya yana tura teburin kashi ɗaya cikin biyar na inci, an kuma raba zoben gida 200. Ya murɗa gaba, ya tsaya, ya dawo da baya a hankali yana ƙirga gidajen da suka wuce kafin teburin ya motsa. A baki, goma sha biyar. A tsakiya, casa'in da 'yan kai.

"Ba injin da ba shi da ɗan wasa a nan, Malam, ko sabo ne. In wasan iri ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, notin tagullar da ke ciki ne ya saki, ana matse shi. Amma in ya bambanta haka, doguwar sandar mai zare ce ta cinye, sai dai a nemo wata."

Malam Haruna ya yi shiru. Fentin yana nan yana sheƙi kamar jiya, amma ya daina ganinsa.

A nan ne yaron Alhaji ya ja Baba gefe, wai zai nuna masa wani abu a bayan kwantena. Malam bai ji abin da aka faɗa ba, sai daga baya yaron da kansa ya ba da labari. Ya ce wa tsohon akwai dubu talatin tasa in ciniki ya faɗa, ba a ce ya yi ƙarya ba, ya dai rage magana. A ranar matar Baba tana gida ba lafiya, takardar magani tana aljihunsa kwana huɗu. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Yaro," ya ce, "ido ne kaɗai ya rage mini abin sayarwa, kuma na yau Malam ya riga ya saya."

Ya dawo ya buɗe akwatin katakon. Agogon awo ne a ciki, mai allura ɗaya, da ɗan tsinke a ƙasa wanda ko numfashi ka yi masa sai allurar ta motsa. Ya kafa shi, ya ɗora tsinken a cikin bakin sandar da ke riƙe wuƙa, ya juya ta da hannu. Allurar ta yi ta lilo. Ya sa aka kunna injin, ya dafa kan injin da tafin hannu, ya karkata kunne. Akwai wani gurnani can ciki, kuma kafin minti goma wurin ya yi zafi. Boris ɗin cikin kan injin sun gaji.

Ya zaga bayan teburin yana neman sukurun da ake matse ƙarfen cikon hanya da shi, ya tarar an ɗaure shi har ƙarshe, ba sauran inda za shi. Ya sa tsinken wuƙa ya zaro wani siririn abu daga bayan cikon. Guntun gwangwanin madara ne, an yanke shi tsaf, an daddale. Baba ya riƙe shi a tafin hannunsa, bai ce komai ba. Sai ya miƙe a hankali, ya je kusurwar teburin ta hagu, ya kankare fentin da aka shafa a gefen da farcen yatsansa. Wani tabo ya bayyana, rabin da'ira, zurfinsa kamar ƙwayar gero.

"Inna lillahi," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Ashe kai ne."

"Baba, lafiya?"

"Malam, wannan tabon ni na yi shi. Watana na biyu da fara koyon aiki, na manta na saukar da wuƙa kan tebur. Maigidana ya hana ni taɓa injin wata uku, sai shara da goge-goge. Wannan gwangwanin ma ni na sa shi, shekara biyu kafin a rufe mu, lokacin da muka rubuta a sayo kayan gyara aka ce ba kuɗi. Aiki uku ake yi a kansa kullum, safe da yamma da dare. Da shi na yi aure, da shi na aurar da 'ya'ya huɗu."

Ya shafa teburin kamar mai shafa wuyan doki.

Malam Haruna ya ji tausayi ya kama shi. "To Baba, in haka ne, in saye shi mana. Ka riƙa zuwa kana ganinsa."

"A'a. Ba don ka raya mini tsohon zance ka kira ni ba. In ka kai shi gida, duk abin da ka yanka zai fito a karkace, kai kuma sabon hannu ne, za ka ɗauka laifinka ne. Wata shida za ka rufe ɗakin, ka ce ba ka da baiwa. Ni na san inda yake ƙarya, ina iya lallaɓa shi. Kai ba ka sani ba. Gyaransa na gaskiya kuwa, sai an wargaza shi an sake daidaita hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kuɗin zai haura abin da ka saye shi."

Alhaji, wanda ya tsaya yana ji, ransa ya ɓaci. "Baba, ni fa ban cuci kowa ba. A kilo na saye shi, na yi masa fenti kamar yadda kowa ke yi. Ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ya tashi, Alhaji. Kuma na yarda jiya ba ka sani ba. Amma yau ka sani."

Wannan magana ta fi zagi nauyi, don Alhaji ba jahili ba ne. Ya san abin da malamai ke faɗa a babin ciniki: aibin da mai kaya ya sani wajibi ne ya bayyana shi, kuma wanda ya saya ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da ikon mayarwa. Ya cire hularsa, ya share gumi, ya mayar.

Baba ya waiga can ƙarshen harabar, inda wata tsohuwar tamfol ta rufe wani abu mai tsawo, kaji suna kiwo a gindinsa. "Wancan fa?"

"Wannan ɗan Taiwan ne, ba suna. Daga wata cibiyar koyon sana'a da ta rufe na ɗauko shi. Ban samu lokacin yi masa fenti ba."

Aka yaye tamfol. Malam Haruna ya ji gabansa ya faɗi. Ƙura ta yi masa riga, teburin ya yi ja da tsatsa, ga ramuka uku da ɗalibai suka huda bisa kuskure, hannu ɗaya ya karye, zanzaro ya yi gini a cikin akwatin wuta. Baba kuwa fuskarsa ta sake. Ya zuba kananzir, ya goga, tsatsar ta bi tsumma ta fita, ashe a sama kawai take. A ƙarƙashin busasshen mai sai ga ɓawon kifin nan, daga wannan baki har wancan, bai yanke ba. Wasan hannun iri ɗaya ne ko'ina. Allurar agogo da ƙyar ta motsa. Zoben awonsa ma da milimita yake, wanda shi ne ake aiki da shi yanzu.

"Ramukan nan fa, Baba?"

"Munin fuska ne, ba ciwo ba. Bayis ɗin riƙe aiki zai rufe su." Ya duba 'yan bakunan da ake ɗura mai, ya yi tsaki. "Ga laifinsa ɗaya. Wani ya ga sun yi kama da na mota ya ɗura musu giris. Mai suke sha. Giris yana toshe hanyar, ya riƙe garin ƙarfe ya zama kamar yashi. Allah ya taimake shi bai yi aiki da yawa a haka ba. Za mu wanke."

Kafin a yi maganar kuɗi ya tambayi abu biyu. Na farko takardar da ta nuna inda aka sayo shi, don ƙarfe mai nauyin tan guda ba ya ɓoyuwa in mai shi ya biyo sawu. Na biyu, kayan da suka zo tare da shi. Yaron ya jawo wani akwati daga cikin kwantena: bayis mai nauyi, da jerin 'yan maƙogwaron da ke riƙe wuƙaƙe, irin da ake kira R8, da maɗaurai, da wuƙaƙe da dama ko kakin jikinsu ba a ɓare ba. Baba ya raɗa wa Malam cewa mutane da yawa sukan ƙarar da kuɗinsu kan inji, su kai gida su tarar ba abin da za su riƙe aiki da shi, kuma tara irin wannan akwati ɗaya-ɗaya yana iya cin kusan kuɗin injin. Ya leƙa allon da ke jikin motar injin, ya ga ana iya sauya haɗinta ta karɓi wuta 230, wato ƙaramar inbata mai mayar da layi ɗaya ya zama uku za ta tashe ta daga wutar gida.

Aka yi tayi, aka yi albarka, aka ja, aka sassauta. Alhaji ya sallama a dubu 900 har da akwatin, ya kuma lissafa kafin alƙalamin jiya a ciki ba tare da an roƙe shi ba.

Ranar ɗauka Malam ya so ya sake yin gaggawa. Ya tara matasan unguwa takwas, suna ta "ɗaya, biyu," za su ciccibe shi. Baba ya daka musu tsawa. Irin wannan inji nauyinsa a sama yake, in ya fara karkata ba mai tare shi, kuma ƙafar da ya samu ta tafi. Ya sa aka saukar da teburin har ƙasa aka kulle, aka juya kan injin ya kalli ƙasa, aka ɗora shi kan bututun ƙarfe uku ana turawa taƙi-taƙi, wanda ya fita ta baya a dawo da shi gaba. Daga bakin ƙofar gida zuwa ɗakin, tafiyar da ba ta fi taku ashirin ba, sai da ta ci daga hantsi zuwa la'asar. Hajiya Rabi ta aiko da kunun zaƙi sau biyu.

Mako shida suka yi suna wankewa. Baba yakan zo Litinin da Alhamis, Malam ya biya shi kuɗin yini, kuma tun makon farko ya karɓi takardar maganin nan ya kai kemis da kansa. Suka kwance teburin, suka zare busasshen giris daga hanyoyin mai da waya, suka matse notin tagulla, suka daidaita kan injin da agogo har ya tsaya cak bisa teburin. Hajiya ta ɗinka masa riga da tsohon zanen gado saboda ƙurar hunturu.

Aikin farko da Baba ya ba Malam bai burge shi ba. Guntun ƙarfe ne, wai ya mayar da shi mai fuska shida, kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta. Kwana uku yana yi. Na farko ya fito a karkace, ya ɗaga kai zai zargi injin, Baba ya nuna masa ɗan garin ƙarfe da ya bari a ƙarƙashin aikin bai share ba. Na biyu ya manta da wasan hannu, ya zarce awo. Na uku Baba ya auna ta kowane gefe, ya sake aunawa, ya miƙa masa ba tare da ya ce komai ba. Malam ya kai wa Hajiya har cikin ɗaki. Tana danne takardun wuta da shi har yau.

Tsohon Bridgeport ɗin ya yi wata biyu a harabar Alhaji. Ɗan Kano bai zo ba. Daga baya wani mai ƙera ƙyamare da injinan ɓarzar masara ya taya, kuma kafin ya ciro kuɗi Alhaji ya kai hannunsa tsakiyar hanyar teburin ya ce ya shafa, ya gaya masa duk abin da aka gano, ya sayar masa a ƙasa da rabin kuɗin farko. Mutumin huda yake so da share fuskar ƙarfe, aikin da ba ya neman awon gashi, kuma injin yana yi masa.

Shagon mutumin yana kan hanyar Baba Isuhu ta komawa gida. Ran Alhamis, in ya taso daga Unguwar Mu'azu, yakan sauka daga Keke Napep a bakin layin, ya shiga su gaisa. Yaran shagon sun saba, da sun hango shi sai su kashe injin su matsa. Ya ciro 'yar kwalbar mai daga aljihun rigarsa, ya bi bakunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗurawa, ya murɗa teburin zuwa dama, ya dawo da shi hagu, ya share garin ƙarfen da ya taru a kusurwar da tabon yake, sannan ya yi musu sai da safe.